Kafin ka biya kuɗin satifiket don manhajarka ta koma HTTPS, tsaya ka duba waɗannan

Wani ƙanina da ke yi wa ƙungiyar adashen mata manhaja ya kira ni bayan isha'i hankalinsa a tashe, wai yaya na sabunta manhajar na ɗora a waya, allon shiga sai juyawa kawai yake kamar babu data alhali data na nan cike. Na ce ya karanto min abin da ya fito a kwamfutarsa, sai ga layin nan, Cleartext HTTP traffic not permitted. To nan take na san inda matsalar take. Tun Android 9 da ya fito a 2018 Google suka toshe HTTP tsirara, wato tura bayanai ba a kulle ba (HTTPS shi ne mai kullewa, kuma sai da satifiket, takardar shaidar saba, yake aiki), ga duk manhajar da aka gina don shi ko na gaba da shi, Apple ma sun riga su tun iOS 9 a 2015. Kuma wallahi gaskiyarsu ce, domin manhajar nan lambobin wayar mata take ɗauka da kalmar sirrinsu da nawa kowacce ta zuba, duk suna tafiya a fili, wanda kuke kan wayfai ɗaya da shi in ya san hannunsa zai karance su tas. Amana ce aka ba ka, ga kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 a gefe.

Abu biyu zan fara hana ka. Kar ka je ka kunna usesCleartextTraffic, saitin da ke barin manhaja ta ci gaba da HTTP tsirara, ka ce ai ta tashi, rufe ciwo ka yi da tsumma. Kuma kar ka ƙirƙiri satifiket da kanka sannan ka rubuta wa manhaja ta yarda da kowane satifiket aka miƙo mata, wannan ƙofa ce da kwaɗo amma babu bango, Google Play ma tun 2016 suke ƙin karɓar manhaja mai irin wannan.

Kafin neman satifiket sai ka mallaki sunan domen, wato adireshin sabarka a intanet, tukuna in har yanzu lambar IP kake kira kai tsaye, ko .com.ng ne ya wadatar kuma da naira ake biya.

Zaɓin farko na samun satifiket, wanda ni shi nake fara nuna wa kowa, Let's Encrypt ne. Kyauta ne, ƙungiya ce da ba ta neman riba a Amurka, tun ƙarshen 2015 suke rabawa. Ka saka Certbot, manhajar da ke karɓo satifiket ɗin, a sabarka mai Nginx ko Apache, minti kaɗan an gama, in Caddy kake amfani da shi ma shi da kansa yake karɓowa ya sabunta, in kuma hostin ne mai cPanel duba AutoSSL watakila yana nan ba ka taɓa kunnawa ba. Satifiket ɗin kwana 90 yake yi don haka dole sabuntawa ta zama da kanta, kuma ka sani tun Yunin 2025 sun daina turo imel ɗin tunatarwa, in abin ya tsaya babu mai gaya maka sai kwastoma ya kira.

Amma ga inda nake so ka nutsu, don nan ne mu abin ya fi shafa. Tushen Let's Encrypt mai suna ISRG Root X1, wato babban satifiket ɗin da waya ke dubawa kafin ta yarda da naka, sai daga Android 7.1.1 zuwa sama yake cikin waya. A da suna jingine da tsohon tushen wani kamfani wanda tsoffin wayoyi suka sani, to wannan jingina ta ƙare a 2024. Ma'ana wayar da ke kan Android 7.0 ko 6 ko 5 za ta ce ba ta san wannan satifiket ba. Wanda ke rubuta manhaja don mutanen Jamus wannan ba zai hana shi barci ba, amma mu da waya sai ta bi hannu uku, yaya ya ba ƙani, ƙani ya ba inna, dole mu duba. Haka kuwa aka yi a adashen nan, uwar adashen da kanta, wadda duk lissafi ke hannunta, wayarta tsohuwa ce mai tsagaggen gilashi an ɗaure bayanta da robar kuɗi, kowa ya shiga ita ta kasa. Don haka kafin ka zaɓa buɗe Play Console, shafin Google Play na masu manhaja, ka ga mutum nawa ke kan tsohon Android. In suna da yawa, ko dai ka cusa tushen ISRG a cikin manhajar, ko ka gwada ZeroSSL wanda shi ma yana ba da na kwana 90 kyauta amma ta tushen Sectigo, ka nemo tsohuwar waya ta gaske ka gwada da hannunka.

Na biyu Cloudflare. Ka miƙa masu domen ɗinka, su tsaya a gaban sabarka, satifiket kyauta tun 2014, ga kariya daga masu yi wa saba ruwan buƙatu, kuma suna da cibiya a Legas. Ina son su, sai dai akwai rami ɗaya da mutane da yawa ke faɗawa, wato tsarin da suke kira Flexible. A nan daga waya zuwa Cloudflare ne kawai a kulle, daga can zuwa sabarka bayanai tsirara suke tafiya, kai kuma kana ganin HTTPS ranka ya yi sanyi. Ka zaɓi Full strict, ka ɗora satifiket ɗin da suke bayarwa na saba, wanda yake iya kai shekara 15.

Na uku na kuɗi, su DigiCert da Sectigo da GlobalSign. Gaskiyar magana ƙarfin kullewar ɗaya ne da na kyauta, abin da kake saya shi ne binciken da suke yi su tabbatar kamfaninka na gaske ne da kuma wanda za ka kira in abu ya lalace. A manhajar waya babu mai ganin wannan bambancin, ko alamar kwaɗo ba a gani. In banki ko wata hukuma da kake aiki da su sun rubuta maka a yarjejeniya sai irin wannan, to saya, in ba haka ba dala za ka yi ta nema a banza. Hujjar da ake kawowa da cewa na kuɗi ya fi daɗewa ma tana mutuwa, a 2020 aka tsayar da shi a kwana 398, kuma a 2025 an amince a riƙa rage shi har ya koma kwana 47 a 2029. Kowa dai sabuntawa da kanta zai koma.

Wanda sabarsa ke AWS na kamfanin Amazon a bayan CloudFront ko mai raba lodi, Certificate Manager ɗinsu yana ba da satifiket kyauta, kar ka wahalar da kanka.

Za ka ji ana maganar ɗaure manhaja da satifiket guda, wanda ba za ta yarda da wani ba sai shi. Yana da kyau ga manhajar kuɗi, amma in ka ɗaure da na kwana 90 ranar da ya sauya duk wanda bai sabunta manhaja ba ya tsaya cak, kuma ka san mutanenmu ba sa son sabuntawa saboda data. In za ka yi, ɗaure da mabuɗin da ke cikin satifiket ɗin ba satifiket ɗin kansa ba, ka ajiye mabuɗi na biyu a cikin manhajar.

Ƙanin nawa Let's Encrypt muka bar masa, muka cusa tushen a manhajar saboda wayar Hajiya uwar adashen, muka saita abin da zai turo masa saƙo in saura kwana 20 satifiket bai sabuntu ba. Da muka gama wayarta ta sake ƙi, ashe batirinta ya taɓa mutuwa agogo ya koma shekarun baya, waya kuwa in kwanan watanta ba daidai ba ne ba ta yarda da kowane satifiket. Yanzu manhajar in ta ga haka rubutu take fitowa da shi da Hausa, don Allah a gyara kwanan watan waya.