Scratch ko Python: da wanne za a fara koya wa yara barmaja?

Assalamu alaikum. Malama, kin ce kina da yara 'yan shekara 9 zuwa 15 da ke zuwa darasin yamma a gidanki da ke Shari' Mansur a nan Makka, kwamfutoci biyu ne gare ku, kuma kina so ki san wanda ya fi dacewa ki fara da shi tsakanin Scratch da Python wajen koya musu barmaja, wato tsara wa kwamfuta umarnin da za ta bi. Allah Ya saka miki da alheri. Dukansu kyauta ne, kuma suna aiki ba tare da intanet ba idan an sauke su, saboda haka ba kuɗi ne zai raba gardama ba. Abin dubawa shi ne irin wahalar da kowannensu ke ɗora wa yaro, da abin da wahalar ke koya masa.

Scratch ya fito ne daga jami'ar MIT ta Amurka a 2007, ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, kuma an tsara shi ne domin 'yan shekara 8 zuwa 16. A cikinsa yaro ba ya rubuta umarni da hannunsa, tubala masu launi yake ja yana harhaɗawa, wanda bai dace da gurbi ba kuwa ba zai shiga ba. Ga shi kuma ana iya juya tubalan zuwa Larabci, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga yaranmu da ke karatu da Larabci, suna Hausa a gida, Turancinsu bai kai ya kawo ba. Idan kika ce wa yarinya ta sa kyanwar da ke fitowa a fuskar Scratch ta zana murabba'i, za ta jera tubalin tafiya da na juyawa digiri 90 har sau huɗu, sannan ita da kanta za ta ga abu ɗaya take ta maimaitawa. A lokacin ne za ki nuna mata tubalin maimaitawa, kuma za ta riƙe shi, domin ta riga ta ji buƙatarsa. Rauninsa shi ne yaro yana iya shafe wata guda yana sauya wa kyanwa launi da murya, yana ta murna, alhali bai ƙaru da komai ba.

Python kuwa, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, shi ne harshen da manya ke aiki da shi a kamfanoni da jami'o'i, wajen nazarin bayanai da ƙirƙirarriyar basira. A nan komai da hannu ake rubutawa, da kalmomin Turanci irin su print da if da for, kuma ba ya yafe ko ɗigo. Wanda ya fara print da babban baƙi, ko ya manta ɗigo biyun ƙarshen layin sharaɗi, ko ya kasa daidaita ratar farkon layi, aikinsa ba zai tashi ba. Akwai ma wata matsala da ta keɓanci yaranmu na nan: yaro ya rubuta sunansa da Larabci, ya manta bai mayar da madannai Turanci ba, ya sa waƙafin Larabci, Python ya ƙi karɓa, shi kuma ya zura ido yana rantsuwa cewa komai daidai yake. Ɗan shekara 9 zai iya karaya a nan, ya ɗauka kansa ne ba ya ja.

Sai dai a ganina, wannan tsananin shi ne babban alherin Python ga wanda ya fara girma. Duk sanda aiki ya lalace, yakan faɗi lambar layin da irin kuskuren, kuma yaron da ya saba karanta wannan saƙo a natse, ya koma layin ya gyara da kansa, ya sami tarbiyyar da za ta bi shi har darasin lissafi da nahawu. Scratch ba ya ba da wannan horo sosai, tunda ya toshe ƙofar kuskuren rubutu tun farko. Matsayinsa kamar na babbaƙu da farfaru ne a makarantar allo: da su ake farawa, amma ba a barin almajiri a kansu.

Shawarata ita ce ki raba su gida biyu. 'Yan ƙasa da shekara 12 su fara da Scratch, manyan kuma su taɓa shi na 'yan makonni kawai kafin su wuce Python. Haka ma darasin Maharat Raƙamiyya, wato dabarun kwamfuta, na makarantun gwamnatin Saudiyya ya jera su, Scratch a firamare, Python a mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare. Ga manyan, ki sauke musu manhajar Thonny, wadda ke tafiyar da aiki layi bayan layi tana nuna yadda ƙimomi ke sauyawa.

Ko da wanne kika fara, ina roƙonki abu biyu. Kafin yaro ya danna maɓallin gudanarwa, ya faɗa da bakinsa abin da yake zaton zai faru, domin wanda ya yi hasashe ya ga saɓaninsa shi ne ke tambayar dalili. Sannan idan ya maƙale, kada ki karɓi madannai daga hannunsa, ki tambaye shi layin da ya fara karkacewa. Ƙarancin kwamfuta ma zai taimaka a nan, tunda biyu za su iya zama a kan guda, ɗaya yana bugawa ɗaya yana karantawa yana gyara masa, su riƙa musanya, sauran kuma suna tsara nasu a takarda kafin layi ya zo kansu.

Lokacin ƙaura daga Scratch yana zuwa ne ranar da yaro zai iya bayyana wa ɗan'uwansa maimaitawa da sharaɗi da ma'ajin ƙima, wato sunan da ake ajiye lamba ko kalma a ƙarƙashinsa, ba tare da ya duba ba. Ranar ki buɗe masa turtle, ɓangaren zane da ke zuwa tare da Python, ki ce ya rubuta da hannunsa umarnin da zai zana murabba'i, sannan ya mayar da shi mai kusurwa shida.