Sharhi: DeoxIT D5 a kan mamurɗan tsohuwar Stratocaster

Ƙarar "ƙarrr" da tsohuwar jita ke yi idan an murɗa sauti ba ta nufin mamurɗin ya mutu. Yawanci ƙura ce da dattin da ya daskare a kan zoben kabon da ke ciki, inda wani ɗan harshen ƙarfe ke gogawa. Na yi amfani da DeoxIT D5 na kamfanin CAIG, ruwan feshi na wanke mahaɗan lantarki, gwangwani mai giram 142, a kan irin wannan matsalar a tsohuwar Stratocaster, jitar lantarki ta kamfanin Fender, kuma yana aiki. Sai dai ba na ba da shawarar a miƙa shi ga mai gaggawa.

Dalilin da ya sa wankewa ta fi sauyawa shi ne, mamurɗin, wanda masu gyara ke kira fot, shaidar shekarun jita ce. A bayansa ko a gefensa akwai lamba mai nuna kamfanin da ya ƙera shi da lokacin da aka ƙera shi: 137 na CTS ne, 304 na Stackpole, 134 na Centralab. Idan ka ga 1377426, CTS ne, shekarar 1974, mako na 26. Mai saye da ya san abin da yake yi zai duba wannan lambar, ya kuma duba dalmar da ke jikin wayoyi ko ta asali ce. Da zarar ƙarfen dalma ya taɓa wurin, farashi ya sauka, musamman a jitar da aka ƙera kafin kamfanin CBS ya sayi Fender a 1965.

Kafin a fesa komai, a auna. Sa kebul a jak, wato ramin kebul na jitar, ɗora mitar auna om (ma'aunin turjiyar lantarki) a ɗaya bakin, mamurɗin sauti a 10. Fikof, na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, na tsohuwar Stratocaster zai nuna kusan 6K, wato om dubu shida. Rage sautin sannu a hankali: lambar za ta hau zuwa wajen 60K a fot mai 250K, sannan ta gangara zuwa sifiri. Idan tana tsalle a wurare daban-daban, datti ne. Idan kuwa kullum a wuri ɗaya take yankewa, mai yiwuwa kabon ɗin ya cinye a nan, kuma babu ruwan da zai mayar da shi.

Sassauta tsirkiyoyi, kwance sukurorin farantin fuska, wanda fot da fikof ke ɗaure a jikinsa (8 ne a na shekarun 1950, 11 daga 1959), ka ɗaga shi a hankali domin wayar jak da ta ƙasa gajeru ne. Farantin 1959 zuwa 1964 yakan tsuke da shekaru, yana kuma tsagewa a bakin sukuru, saboda haka kada a lanƙwasa shi. Shimfiɗa tsumma mai kauri a kan jikin jitar gaba ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne: fentin naitiro na Fender kafin ƙarshen shekarun 1960 ba ya jure ruwan sinadari, kuma tabo a fentin asali ya fi fot goma tsada.

Abin da na fi ƙi a D5 shi ne yawan abin da feshi ɗaya ke fitarwa. Fot ɗaya ɗigo biyu ya ishe shi. Na ga ya fi kyau a fesa a cikin murfin kwalba, a ɗebo da tsinke, a ɗiga ta tagar da ke ƙarƙashin ƙafafu ukun fot ɗin. Sai a murɗa daga 0 zuwa 10 kamar sau 30, a bar shi minti 10, a sake aunawa. Idan aka cika shi, ruwan zai bi sanda ya wanke giris ɗin da ke ba mamurɗi ɗan nauyin nan, ya koma yana juyawa sakaka, ko yatsa ya gifta sai sauti ya canja. Ɗigon FaderLube F5, man shafawa na kamfanin CAIG, yana rage wannan, amma nauyin asali ba ya dawowa duka.

Inda ya fi burge ni shi ne makunnin zaɓen fikof, mai matsayi 3 a jitocin kafin 1977, da kuma jak. Nan ƙarfe ne a kan ƙarfe, aikin da aka yi ruwan dominsa ke nan. Jiƙa audugar goge kunne, goge harsunan, kaɗa makunnin sau 20, yankewar sauti ta tafi. Kada ko kaɗan ya kai ga fikof, wayar naɗinsa ta fi gashi siranta, kuma rufinta ya tsufa.

Man feshin kwance ƙusa mai tsatsa ba madadinsa ba ne. Yana barin maiƙo, ƙurar hunturu ta manne a kai, bayan wata biyu ƙarar ta dawo fiye da da. D5 ma yana barin ɗan siririn maiƙo, don haka jitar da aka wanke ta koma cikin akwatinta. Idan an wanke sau biyu mita na nan tana yankewa a wuri guda, a sa sabon fot na CTS mai 250K, tsohon kuma a ɗaure shi a leda a ajiye cikin akwatin, ya bi jitar duk inda aka sayar da ita.