Kocin ƙwallon kwandon da ya hana ɗana amfani da hannun dama

A dogon hutu na kai ɗana mai shekara 12 wajen wani koci da ke koyar da yara ƙwallon kwando a Tudun Wada, nan Gusau. Sau uku a mako suke atisaye, daga la'asar zuwa dab da magariba. Yau wata uku ke nan.

Yaron dogo ne, ya zarce sa'anninsa sosai, don haka na zaci za a kafa shi gindin kwando a riƙa cilla masa yana zurawa. Da na leƙa a makon farko sai na iske an sa ya maida hannun dama baya, yana ta buga ƙwallo da hagu, ya kai ƙarshen fili ya dawo. Raina bai so ba. Na ce, "Koci, wannan tsawon fa?" Ya ce, "Alhaji, yau shi ne dogo. Nan da shekara huɗu za a kamo shi, to ran nan da me zai yi wasa?" Har ya tuna mini cewa Hakeem Olajuwon, shahararren ɗan ƙwallon kwando ɗan asalin Najeriya, gola ne a ƙwallon ƙafa a Legas lokacin yana yaro, kuma iya takun da ya koya can ne ya gagari mutane a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake koya musu kai hari. Ba ya ba su haddar tsari. Dokarsa ɗaya ce: ka ba da fasin, ka ruga wajen kwando, wani ya maye gurbinka. Uku-uku yake raba su don kowa ya taɓa ƙwallo, wani lokaci ma ya hana bugawa a ƙasa ɗungum, sai ka ga mai rowa ya koyi ɗaga kai yana neman abokinsa. Yanzu ɗana na zurawa da hagu ba tare da ya tsaya tunani ba.

Inda nake da ƙorafi kayan aiki ne. Ƙwallaye huɗu kacal ga yara sama da ashirin, duk lamba 7, ta manya. Kwandon kuma tsayinsa daga ƙasa mita 3.05 ne, irin na manya, sai ɗan shekara takwas ya riƙa turo ƙwallo da kafaɗa, hannunsa ya saba da jifar banza. Simintin ma ya tsattsage ta gefe guda.

Na yi magana da iyaye biyu, mun haɗa kuɗin ƙwallaye lamba 5, ta yara, guda uku. Asabar za mu kai masa, in sha Allahu.