Sharhi kan Taskar Bayanan LSMS ta Bankin Duniya

Duk mai son sanin yadda gyaran tattalin arziki ya shafi tukunyar talaka, zai yi wuya ya sami madogarar da ta fi taskar bayanan LSMS, wato shirin auna yanayin rayuwar iyalai da Bankin Duniya ya kafa a 1980. An fara ƙidayar a Kwaddebuwa da Peru a 1985, Ghana ta biyo baya a 1987, daidai lokacin da ƙasashe da dama ke karya darajar kuɗinsu suna janye tallafi bisa sharuɗɗan masu ba su lamuni.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin tambayoyin. Tun da ƙaramin manomi da mai talla ba su da albashin da za a rubuta, sai aka fi karkata ga abin da gida ya ci ya kashe, har da hatsin da aka ɗebo daga rumbu, sannan a tambayi irin rufin ɗaki, da inda ake samun ruwan sha, da ko yara na zuwa makaranta. A wasu ƙasashe kuma ana komawa gidajen da aka taɓa ziyarta. Haka aka yi a Biyetnam, inda ƙidayar 1992-93 da ta 1997-98 suka nuna talauci ya sauko daga kashi 58 cikin ɗari zuwa 37, kuma aka iya gane gidajen da suka farfaɗo da waɗanda aka bari a baya.

Samun yawancin bayanan kyauta ne: mutum zai yi rajista a intanet, ya bayyana dalilinsa, ya sauke. Sai dai an tsara su ne domin ƙwararru, saboda ƙidaya ɗaya kan zo a fayil-fayil masu yawa waɗanda sai wanda ya iya manhaja irin Stata ko SPSS zai haɗa su daidai. Ɗan jarida zai fi amfana da rahotannin da aka riga aka taƙaita.

Raunin da ya fi damu na shi ne dogaro da tunawar mai amsawa, da kuma ɗaukar gida a matsayin abu guda. Idan aka raba abin da aka kashe bisa yawan mutanen gidan, lissafin ba zai nuna uwar da ta rage cinta domin yara su ƙoshi ba, alhali a lokacin tsadar abinci irin wannan ragin ne yakan fara faruwa.