Goldhofer FTV 550: maɗagin fiffiken injin iska a hanyar kan dutse

Duk wanda zai kafa injinan samar da lantarki daga iska a kan tsauni, babbar matsalarsa tana cikin kilomita goma ko ashirin na ƙarshe. Daga tashar jirgin ruwa zuwa gindin dutse, doguwar tirela mai miƙewa tana iya kawo fiffike a kwance ba tare da wata rigima ba. Daga nan ne hanya take fara murɗewa: ga kwana mai kaifi, ga gidajen ƙauye dab da kwalta, ga bangon dutse a hannun dama da rami a hagu. Fiffike mai tsawon mita 65 ba ya lanƙwasawa, kuma ba a yanka shi gida biyu. Domin wannan ɗan tsakanin ne kamfanin Goldhofer na garin Memmingen a Jamus ya ƙera na'urar ɗaga fiffike mai suna FTV 550. A ganinmu na'urar tana yin abin da aka ce tana yi, amma aikinta shan kwana ne kawai. Mai aikin da ya ɗauka za ta raba shi da sauran wahalhalun hanya, to zai sha mamaki.

Yadda take aiki ba shi da wuyar fahimta. Maimakon a tallafi fiffike a wuri biyu, gindi da kusa da tsini, sai a ɗaure gindinsa kaɗai a jikin wani faifan ƙarfe, da kusoshi irin waɗanda za a ɗaure shi da su a cibiyar injin. Sauran jikinsa yana reto a iska. Manyan silinda masu aiki da matsin mai suna ɗaga shi har digiri 60, kuma ana iya mirgina shi a kan tsawonsa zagaye guda cur. Ana ɗora na'urar a kan dandamali mai layin tayoyi da yawa, ko mai tuƙa kansa ko wanda mota ke ja. Idan mai tuƙa kansa ne, direba ba ya zama a ciki. Tafiya yake yi a ƙasa da rimot rataye a wuya, yana kallon taya yana kallon sama.

Ribar ɗagawar lissafi ce. Fiffike mai mita 65 idan ya kai digiri 60, abin da yake ci a ƙasa ya koma rabi, mita 32 da rabi, kuma yawancin wannan ma a sama yake, ya wuce rufin gida da kan bishiya. Abin da zai shiga kwanar shi ne dandamalin kawai. Inda doguwar tirela za ta sa a fasa dutse, a sare itatuwa, a sayi filin mutane a cike shi da tsakuwa, wannan tana wucewa da hanyar da ake da ita. A nan ba mu da abin kushewa.

Lambar 550 da ke jikin sunan ita ce abin da mai haya zai fara dubawa. Ba nauyin da take ɗauka ba ne. Nauyin fiffike ne sau nisan tsakiyar nauyinsa daga gindi. A ce fiffike tan 20 ne, tsakiyar nauyinsa tana mita 22 daga gindi, to lissafin 440 ne, ya shiga. In tan 25 ne a mita 25, ya zama 625, ya fi ƙarfinta, sai a nemi babbar 'yar'uwarta FTV 850, ko BladeLifter na Scheuerle, ko BladeMAX na Cometto, waɗanda ke da samfura masu ƙarfi fiye da haka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tambayi tsawon fiffike kawai. Fikafikai biyu masu tsawo ɗaya na kamfanoni daban suna iya bambanta sosai a nauyi da inda nauyin ya taru. A karɓi waɗannan alƙaluma a rubuce daga wanda ya ƙera fiffiken, tare da amincewarsa cewa fiffiken zai jure a riƙe shi ta gindi kaɗai a kan hanya mai gargada. Sannan kowane irin fiffike yana da faɗin gindinsa da yawan ramukan kusoshinsa, don haka sai an tanadi faifan haɗi da ya dace da shi. Wannan faifan ba a samunsa dare ɗaya, kuma in an manta da shi, na'ura da ma'aikata suna zaune ana biyansu.

Iska ce babbar abokiyar gabarta, kuma a nan ya kamata a tsaya a yi tunani. Wurin da aka zaɓa don kafa injin iska, ai saboda yawan iskarsa aka zaɓe shi. An kuma sassaƙa fiffike ne musamman don ya kama iska. Yanzu an miƙe shi tsaye, tsininsa ya haura mita 55 daga ƙasa, a kan dandamali mai faɗin mita uku zuwa huɗu. Ƙarfin turin iska yana ninkuwa huɗu idan gudunta ya ninku biyu, kuma iskar da ke can sama ta fi wadda mutum yake ji a fuskarsa a ƙasa. Shi ya sa ake maƙala ma'aunin iska a jikin fiffiken, direba yana ganin adadin a rimot ɗinsa. Idan iska ta taso daga gefe, sai ya mirgina fiffiken ya ba ta kaifin maimakon faɗin, ko ya sauke shi ƙasa in akwai fili. In ta wuce iyakar da ke cikin jadawalin kamfani, ba a fita, ko da 'yan sanda sun rufe hanya, ko da an sanar da gari. Hadari mai tsawa ma haka, domin babu mai hankalin da zai yi yawo da abu mafi tsawo a kan dutse ana walƙiya. Mutanen garin Hawick a Sikotlan sun ga wannan da idonsu a 2023 da 2024, lokacin da ake ratsa garinsu da fikafikai masu kusan mita 65 zuwa gonar iska (wato filin da ake kafa injinan iska) ta Pines Burn a kan maɗagi irin wannan: sau da dama an sa rana, iska ta sa an fasa. Ba aibin ƙira ba ne, halin aikin ne, kuma kowane kamfani ya ƙera maɗagin haka zai kasance.

Abu na biyu shi ne karkata. Idan fiffike ya tashi, tsakiyar nauyinsa ma ta tashi. Wadda ke mita 22 daga gindi tana komawa kusan mita 19 a sama. Ana ɗora tubalan ƙarfe masu nauyi a kan dandamalin don su danne shi, amma duk da haka hanyar da ta kwanta gefe guda tana da haɗari fiye da hawa mai tsauri. Abin da ya burge mu a dandamalin Goldhofer shi ne kowace ƙafar taya tana hawa da sauka har santimita 60 da matsin mai, don haka ana iya riƙe saman dandamalin a daidai ko da taya ɗaya ta faɗa kwari. Sai dai wannan yana buƙatar mutum na biyu wanda ba shi da wani aiki sai kallon ma'aunin karkata da matsin man kowane rukunin tayoyi. Inda ake samun ɓarna yawanci gefen hanya ne: ruwa ya jiƙa cikon ƙasa, tayoyin waje suka nutse, silindar wannan gefen ta miƙe har ƙarshe, babu sauran abin gyarawa. Bayan ruwan sama mai yawa a sake gwada ƙarfin gefen hanya kafin a fita, kada a dogara da gwajin watan jiya.

Wayoyin lantarki suna da nasu ciwon kan. A ƙarƙashin waya dole a kwantar da fiffike, a kwana kuma dole a ɗaga shi. Idan waya ta ratsa daidai bakin kwana, buƙatun biyu sun ci karo, sai dai a kashe layin a sauke wayar ko a binne ta a ƙasa tun da wuri. Irin waɗannan wurare ake nema a binciken hanya, kuma binciken da aka yi don doguwar tirela ba ya wadatarwa, domin shi ƙasa yake kallo. Na maɗagi sai an auna sama: rassan bishiya, turakun waya, hasumiyar coci, leɓen dutse da ya leƙo. Fiffike kuma ba miƙaƙƙe ba ne sak, tsininsa yana da ɗan lanƙwasa, gwanin direba yana amfani da mirginawa ya kautar da tsinin daga reshe.

Saurinta tafiyar ƙafa ce, abin da bai wuce kilomita 5 a awa ba, a kwana kuwa ƙasa da haka nesa. Fiffike ɗaya take ɗauka a tafiya. Injina 10 fikafikai 30 ke nan, hawa 30 da saukowa 30 babu kaya. A ƙara lokacin ɗaurawa a filin sauke kaya na gindin dutse, inda ƙugiya za ta ɗaga fiffike daga tirela, a saita ramuka, a ɗaure kusoshi bi da bi da ƙarfin da aka ƙayyade, sannan a maimaita kwancewa a sama da wata ƙugiyar. Filin nan kansa sai an share shi an daddaɓe, ya ɗauki fikafikai da yawa a jere. Saboda haka a matso da shi kusa da kwanar farko da ta gagari tirela gwargwadon iko. Kowace kilomitar da aka ƙara wa maɗagi ba bisa larura ba, asarar kwanaki ce.

Sai abin da ba ta taɓawa ko kaɗan. Bututun hasumiya na ƙasa faɗinsa ya haura mita 4, ɗakin injin da ke zama a sama kuma ya fi fiffike nauyi ninkin ba ninkin. Su ba ruwansu da maɗagi. Gada da kwalbati dole su ɗauke su, hanya dole ta kai faɗin mita 4 da rabi zuwa 5, kuma yawancin masu ƙera injinan suna neman hanyar da za ta jure tan 12 a kan kowane layin taya. A hawa mai tsauri a kan tsakuwa, motar ja tana murza taya a wuri ɗaya, sai an ƙara wata ta ja a gaba ko ta tura a baya. Wanda ya yi murnar ya tsallake fasa kwana saboda fiffike, ya koma ya auna ko bututun hasumiya zai juya a wannan kwanar.

Akwai ma inda ba a buƙatarta sam. A gonar iska ta tafkin Turkana a Kenya an yi amfani da ƙananan injina 365 samfurin Vestas V52, masu fiffike kusan mita 25, aka gyara hanya mai kilomita 208, manyan motoci suka kwaso su daga Mombasa. Injina 37 na Lambar Rimi a Katsina sun ma fi waɗannan ƙanƙanta, kuma a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa suke. FTV 550 ta manyan fikafikai ce a matsattsiyar hanya, inda kuɗin fasa dutse da biyan diyya ya fi kuɗin haya.

Wajen ƙulla yarjejeniyar haya, a rubuta ƙarara wanda zai biya kuɗin ranakun da iska ta hana fita, da adadin iskar da za a ce ta hana, da ma'aunin da za a yarda da shi in an yi gardama. A nemi sunayen ma'aikatan da za su zo da ayyukan kan dutse da suka taɓa yi da wannan na'urar, domin rimot ɗin a hannun sabon shiga ba abin amincewa ba ne. A tabbatar inshora ta rufe fiffiken tun daga lokacin da ƙugiya ta ɗaga shi a filin ƙasa har ta ajiye shi a sama. A kuma ajiye robobin mai, silinda da tayoyi na canji a wurin aikin, saboda idan robar mai ta fashe a tsakiyar hawa, hanyar ta toshe ga motar siminti, motar hasumiya da mutanen ƙauye baki ɗaya har sai an gyara.