Sharhi kan laccocin sukar kwaminisanci da aka gabatar a Garwa

Laccocin da wani malamin tattalin arziki ya gabatar a Garwa kan aƙidar kwaminisanci, waɗanda yanzu ake sayarwa a katin memori na waya, ban saye su da wani dogon buri ba, domin abin da muka saba ji game da Karl Marx, jagoran wannan aƙida, ko dai yabo ne tsantsa ko zagi tsantsa. Amma darasinsa na farashi shi kaɗai ya fanshe kuɗina.

Ya ɗauko hujjar da masanin tattalin arziki Ludwig von Mises ya kafa a 1920, cewa idan gwamnati ta mallake gonaki da masana'antu, farashi na gaskiya zai ɓace, masu tsara tattalin arziki kuma su rasa ma'aunin gane abin da ya yi ƙaranci da wanda ya yi yawa. Sai ya warware ta da albasar Marwa. Lokacin da aka cire ta farashin buhu yakan faɗi warwas, idan damina ta yi nisa ya tashi, kuma wannan hawa da saukar ne ke sanar da manomi ko ya ajiye ko ya sayar, yake sanar da ɗan kasuwa ranar da zai loda mota zuwa Yawunde, ba tare da wani jami'i ya ba da umarni ba. Daga nan na fahimci dalilin dogayen layuka a shagunan Tarayyar Sobiyet kafin rushewarta a 1991, abin da na daɗe ina ji ba tare da na gane tushensa ba.

Duk da haka raina ya ɓaci a gaba. Ana jin muryar wani ɗalibi yana tambaya da ladabi: "Malam, to audugarmu fa, wadda mai saye ɗaya ne, kuma ake yanke farashinta tun kafin a tsince ta?" Malam ya amsa cewa wannan wani batu ne daban, ya wuce. A ganina nan ne ya kamata ya tsaya, tunda tambayar ta fito ne daga cikin hujjarsa shi kansa. Haka kuma ya yi dogon bayani kan yunwar Yukiren ta 1932 zuwa 1933 da ta ƙasar Sin a zamanin Mao, wanda ya dace, amma bai ambaci Habasha ta zamanin mulkin Mengistu ba, ko Benin da Mathieu Kérékou ya ɗora kan wannan aƙida a 1974, alhali su ne misalan da suka fi kusa da mu.

Bai yi wa Marx adalci ba wajen yin shiru kan ƙananan yaran da ake aikatarwa a masaƙun Ingila, halin da Marx ya rubuta dalla-dalla a 1867. Ga ƙarar janareta da ke danne muryarsa a wasu darussan, ga Faransanci da yake cusawa ba fassara. Zan ba ɗalibi shawarar ya saurari darasin farashi, sauran kuwa ban ga dalilin biyan wannan kuɗin a kansu ba.