Gargaɗi ga makafi masu amfani da kwamfuta: a yi hattara da mai tallar lasisin manhaja da na'urorin sauti ta saƙon murya

Ina rubuta wannan gargaɗi ne ga 'yan'uwana makafi da masu raunin gani waɗanda kwamfuta da waya suka zame musu abokan aiki, da kuma iyaye da malamai da ke saya musu kayan karatu. Akwai wani salon damfara da ke yawo a tsakaninmu wanda aka ɗinka shi daidai jikinmu, domin wanda ya tsara shi ya san yadda muke karatu, ya san sunayen manhajojin da muke dogaro da su, ya kuma san cewa da kunne muke tantance mutum. Ba zan ambaci sunan wanda ya sa na ɗauki alƙalami ba, saboda sunan aro yake amfani da shi, kuma yana sauya shi tare da lambar waya duk lokacin da asirinsa ya tonu. Abin da ba ya sauyawa shi ne hanyar da yake bi, ita kuma zan bayyana dalla-dalla.

Ba ya fara zuwa da talla. Yakan shiga zaurukan WhatsApp da Facebook inda makafi ke taimakon juna, ya gabatar da kansa da saƙon murya cikin ladabi, ya ce shi ma makaho ne, ko kuwa ya ce wakili ne na wani kamfanin kayan makafi a ƙasashen waje. A bayan muryarsa za ka ji wata manhajar karanta allo, wato mai furta wa makaho abin da ke rubuce a fuskar kwamfuta ko waya, tana zuba da sauri, abin da ke sa zuciyar kowane ɗayanmu ta kwanta, ta ce wannan namu ne. Sai ya shafe makonni yana amsa tambayoyi kyauta, yana nuna wa wannan yadda zai rage saurin murya, yana gyara wa wancan matsalar lasifika, har sunansa ya zauna a bakin kowa. Bayan nan ne yake kawo hajarsa: lasisin manhajar karanta allo ta JAWS na har abada a kan kuɗi kaɗan, wani abu da yake kira NVDA na ƙwararru (ita ma NVDA manhajar karanta allo ce), rikoda mai magana, da na'urar rubutun makafi da aka ɗan yi amfani da ita. A koyaushe kayan saura kaɗan ne, a koyaushe kuma sai an ba da kafin alƙalami a yau ɗin nan.

Ya kamata a fara da NVDA, domin a nan ƙaryarsa ta fi fitowa fili. Michael Curran ne ya fara rubuta wannan manhaja a shekarar 2006, James Teh ya haɗa hannu da shi, dukansu makafi ne 'yan ƙasar Ostareliya, suka kafa ƙungiyar NV Access wadda ke kula da ita har yau. Manhajar kyauta ce gaba ɗayanta, ba ta da ƙaramin aji da babban aji, ba ta neman lambar lasisi, kuma kowa na iya sauke ta daga shafin ƙungiyar. Abin da NV Access ke sayarwa shi ne littattafan koyon amfani da manhajar da makamantansu. Idan wani ya nemi ladan wahalarsa don ya saka maka ita ko ya koya maka, wannan halaliyarsa ce, ba kuma abin zargi ba ne. Amma wanda ya ce yana da wani nau'i na musamman da sai an biya ake buɗe shi, to ko dai yana sayar maka da abin da yake naka ne tun farko, ko kuma ya cusa wani abu a cikin fayil ɗin wanda ba ka sani ba, wannan na biyun kuwa ya fi na farko muni.

JAWS kuwa ta kuɗi ce, kamfanin Freedom Scientific na Amurka ne ke yin ta, kuma tsadarta ce ƙofar da ɗan damfara ke shigowa ta ciki. Wanda ya sauke ta ba tare da lasisi ba zai iya aiki da ita na minti 40, daga nan sai ya sake kunna kwamfutar kafin ta ci gaba da magana. Mutane da dama da suka biya wannan mutum sun tarar wannan ɗin ya saka musu, ya ce su yi haƙuri kamfani zai buɗe lasisin cikin kwana biyu, kafin kwana biyun su cika ya yi layar zana. Wasu kuma wadda aka fasa wa kariya yake saka musu, ta yi aiki na ɗan lokaci, ranar da aka sabunta Windows ko ita manhajar sai ta yi gum, a bar mutum da kwamfutar da ba ta magana a tsakiyar aiki ko a jajibirin jarrabawa. Lasisi na gaskiya yana zuwa da lambar rajista wadda kamfanin ko dillalinsa da aka amince da shi za su iya tabbatar maka cewa da sunanka take, kuma a shafin kamfanin ake samun hanyar tuntuɓar dillalan, ba a bakin mai talla ba.

Wani abu da na lura da shi, wanda a ganina shi ne ginshiƙin wannan damfara, shi ne cewa duk hujjar da yake kawowa hoto ce. Takardar shaidar wakilci hoto ce, rasidin waɗanda suka saya hoto ne, kwalin na'urar hoto ne. Yana sane da cewa za mu tura hoton ga Seeing AI ta Microsoft ko Lookout ta Google ko Be My Eyes, su karanta mana abin da ke rubuce, mu ji sunan kamfani da lambobi, mu gamsu. Waɗannan manhajoji rubutu suke karantawa, su kuma kwatanta abin da ke cikin hoto, ba aikinsu ba ne su gane cewa an goge suna an ɗora wani, ko tambarin na aro ne. Mai ido ma ana ruɗarsa da irin wannan, balle wanda aka karanta wa. Saboda haka ni dai na daina ɗaukar hoto a matsayin hujja a ciniki. Abin da ba zan iya saurara kai tsaye ba, ko in taɓa da hannuna, ko in tabbatar daga wata hanya da ni na nemo ta da kaina, ba na biyan kuɗi a kansa.

Mafi haɗari shi ne abin da yake kira taimakon sakawa daga nesa, kuma wannan na ji shi daga bakin wata ɗalibata da nake koya wa kwamfuta. Bayan ta biya, ya ce ta sauke wata manhajar sarrafa kwamfuta daga nesa, ta karanto masa lambar da ta fito, ta danna amincewa. Daga nan sai ya ce ta kashe NVDA, wai don kada muryoyi biyu su yi karo lokacin da sabuwar manhajar ke shiga. Ta danna maɓallin NVDA da harafin Q, ta tabbatar, ɗakin ya yi tsit. Ta ce mini babu abin da take ji sai ƙarar fankar kwamfutar da muryarsa a waya yana ce mata saura kaɗan, yana tambayarta labarin karatu, yana yaba mata ƙoƙari. Kusan rabin awa tana zaune hannunta a kan allon madannai, ba ta san cewa yana cikin akwatin imel ɗinta ba, yana kuma buɗe kalmomin sirri da ta adana a manhajar shiga intanet. Can sai saƙo ya shigo wayarta, TalkBack, mai karanta allon wayar, ya fara karantawa a fili, shi kuma yana kan layi yana sauraro, har ya ce ta sake maimaita saƙon domin lambar tabbatar da lasisi ce. Lambar sirri ce ta banki mai amfani sau ɗaya. Kafin ta sake kunna NVDA an gama da asusunta.

Su kansu manhajojin sarrafawa daga nesa, irin su AnyDesk da TeamViewer, kayan aiki ne na halal, kuma mu ma muna da namu: JAWS na da Tandem, NVDA na da hanyar haɗa kwamfuta biyu da kalmar sirri. Amfaninsu yana da yawa idan malami ne ko amini da ka sani. Sai dai a fahimci cewa wanda ka ba shi wannan dama ya zauna a kujerarka ne, a haɗin NVDA ma yana jin duk abin da manhajarka ke faɗa. Babu wani dalili na fasaha da zai sa a bar ka cikin shiru na tsawon lokaci. Idan ma ana buƙatar kashe manhaja ɗaya, Windows na da nata mai karanta allo, wato Narrator, wanda ake kunnawa da Control da maɓallin Windows da Enter, NVDA kuma tana dawowa da Control da Alt da N. Duk wanda ya hana ka kunna ɗaya daga cikinsu, ka cire intanet nan take. Kafin ka buɗe fayil ɗin da wani ya turo, ka danna Alt da Enter a kansa, ka nemi shafin sa hannun dijital, ka ji sunan wanda ya yi shi. Ya fi sauƙi ma ka ƙi karɓar fayil daga hannun kowa, ka je shafin masu manhajar da kanka. Lambar da banki ya turo kuwa ba ta da wata alaƙa da lasisin kowace manhaja, shi ya sa nake ba ɗalibaina shawara su sa abin sauraro a kunne duk lokacin da suke waya da baƙo.

A ɓangaren na'urorin sauti, ungulu da kan zabo ake yi. Gaskiya ne akwai rikododi masu jagorar murya, kamar wasu samfuran Olympus, da jerin Essential na kamfanin Zoom da suka fito a 2024, akwai kuma Victor Reader Stream na HumanWare da aka ƙera musamman domin makafi. Ɗan damfara zai turo maka saƙon murya inda na'urar ke karanta jerin zaɓuɓɓukanta tiryan-tiryan, alhali daga bidiyon wani a YouTube ya kwafo sautin. Abin da zai iso hannunka, idan ma wani abu ya iso, rikoda ce mara suna mai maɓallai a shafe, wadda ba ta furta ko kalma ɗaya. Maganin wannan shi ne kira kai tsaye, kai kana ba da umarni shi yana dannawa. Ka ce ya kunna ta kana ji, ya shiga wurin saita kwanan wata ya sa ranar da kai ka zaɓa, ya ɗauki muryarka ta wayar ya sake kunna maka. Wanda na'urar ke hannunsa zai yi wannan cikin minti biyar, wanda ba ta hannunsa kuwa sai batir ya mutu, ko layi ya lalace, ko kayan suna sito.

Katin ajiya da ake haɗowa da na'urar a matsayin kyauta shi ma abin bincike ne. Akwai na jabu da aka shirya su faɗa wa kwamfuta girman da ba su da shi, mai karanta allo kuma abin da katin ya faɗa shi zai maimaita maka. Za ka yi ta ɗaukar darussa kana jin sunayen fayiloli suna nan, sai ranar bita ka tarar da yawansu ba sa buɗuwa. Ƙaramar manhajar H2testw tana cika katin da bayanai ta sake karanta su, ta faɗi ainihin abin da yake iya riƙewa. Wanda ba shi da ita ya cika katin da manyan fayilolin sauti, ya saurari na farko da na tsakiya da na ƙarshe kafin ya damƙa masa karatunsa.

Na'urar rubutun makafi da aka riga aka yi amfani da ita kuwa ba a sayenta da kunne. Mai gurbi 40 tana ɗauke da ƙananan ƙusoshi 320, takwas a kowane gurbi, su ne ke tasowa su fitar da harafin da yatsa ke taɓawa, kuma ƙusa ɗaya da ta maƙale tana iya mayar da harafi wani harafin daban. Sai ka sa an ɗaga dukkan ƙusoshin, ka bi su da yatsa daga farko zuwa ƙarshe, a sauke su ka sake bi. Idan nisa ya hana, wani makaho da ya iya rubutun, wanda kai ka zaɓa, ya je ya taɓa a madadinka.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne shirun da waɗanda aka cuta suke yi. Ɗalibar nan ta ɓoye abin da ya same ta har tsawon makonni, kuma da na tambaye ta dalili sai ta ce ba kuɗin ne ya fi damunta ba. Ta sha fama kafin 'yan gidansu su yarda ta riƙe asusunta da kanta, tana tsoron idan suka ji za su ce dama sun faɗa, su karɓe katin banki da wayar, ta koma sai an karanta mata saƙonninta. Ɗan damfarar ya san da wannan tsoro, da shi yake samun damar cutar mutum goma a zaure ɗaya ba tare da ɗayansu ya san na kusa da shi ma an yi masa ba. Ina roƙon iyalai su fahimci cewa masu ido ma ana yi musu irin wannan zamba kullum ba a ƙwace musu waya. Haka kuma a sani cewa yakan dawo da wata murya da wata lamba, ya ce zai taimaka a ƙwato kuɗin idan aka biya kuɗin bincike, ko ya ce wata ƙungiyar agaji ta ware wa mutum na'ura kyauta, kuɗin fito da ita kawai ake nema.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsa ya fara da cire kwamfutar daga intanet, sannan ya kira bankinsa ta lambar da ya sani tun da, ba wadda aka turo masa ba, ya nemi a rufe kati da hanyar shiga asusun. Daga wata na'ura daban ya sauya kalmar sirrin imel tukuna, domin ta nan ake sake buɗe sauran, sannan ya bi ragowar ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar da aka shiga ba a sake yarda da ita sai an goge ta an ɗora Windows sabo. Kada a share saƙonnin muryarsa, ko lambar asusun da aka tura wa kuɗi, ko shaidar biya, saboda su ne 'yan sanda da banki za su nema, kuma muryar tasa ita ce abin da sauran 'yan zauren za su iya ganewa ko da ya dawo da sabon suna.